Matsala da Amsa: Sharhi a kan Koyar da Warware Matsalolin Lissafi a Azuzuwan Farko na Madawa, Buza da Keita

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Madawa ko ta Tamaske ran cinta ya ga yarinya ƴar shekara bakwai da faranti a ka, tana sayar da ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa, tana karɓar kuɗi tana mayar da canji, ba ta ɓatar da ko dala. Wannan yarinya ita ce kuma ake samu washegari a aji biyu, an rubuta mata matsala mai layi biyu a allo, ta zura wa allon ido, ta rasa ta inda za ta kama. Lissafin da ke allon bai fi na farantin wuya ba; sau da yawa ma bai kai shi ba.

Manufar wannan sharhi ita ce a duba dalilin wannan rata, a kuma auna hanyoyi uku da aka bi wajen koyar da lissafi a azuzuwan farko, watau CI da CP da CE1, a makarantun gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa. Batun ya ƙara nauyi tun daga 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Littattafan da za a rubuta nan gaba su ne za su nuna ko an koyar da lissafi da Hausa, ko kuwa an sa wa lissafin Faransanci rigar Hausa ne kawai.

2. Abin da ake nufi da matsala

Wajibi ne tun farko a raba abu biyu da aka saba haɗawa. Na ɗaya shi ne atisaye: a rubuta wa yaro 8 – 3, ya ba da amsa. An riga an zaɓar masa aikin da zai yi, saura aikatawa. Na biyu shi ne matsala: a ba yaro wani hali, a yi masa tambaya, shi da kansa ya gano wane aiki ne zai kai shi ga amsa, tarawa ce ko ɗebewa, ninkawa ce ko rabawa. Idan yaro ya san hanya tun kafin a gama faɗin tambaya, to atisaye aka ba shi, ko da an lulluɓe shi da labari.

George Polya, a littafinsa na 1945 a kan wannan fanni, ya kasa aikin kashi huɗu: fahimtar abin da aka tambaya, tsara dabara, aikata dabarar, sa'an nan waiwaye, a duba ko amsar ta shiga hankali. Abin lura shi ne ɗaya kaɗai cikin huɗun nan ne ƙidaya. Sauran ukun aikin harshe ne da tunani, kuma yaro ba ya yin su sai da harshen da yake tunani da shi.

Ita kanta kalmar "matsala" tana bukatar dubawa. A bakin mutanen gari matsala damuwa ce, abin da ake roƙon Allah ya raba mutum da shi. Amma Hausa tana da wani nau'in adabin baka wanda ya fi kusa da abin da ake nufi, watau wasa ƙwaƙwalwa, kamar labarin mutumin da zai ƙetare ruwa da kura da akuya da damin harawa a jirgin da ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya tare da shi. Yara kan yi gardama a kan irin wannan har dare ya raba, ba wanda ya tilasta su. Ba lalle ne a sake kalmar ba, tun da ta riga ta zauna, amma lalle ne darasin ya ɗauki halin wasa ƙwaƙwalwa.

3. Guzurin da yaro ke zuwa da shi

Kafin a auna hanyoyin koyarwa, ya kamata a san abin da yaron Adar ko na Gobir Tudu ke ɗauke da shi ran da aka sa shi makaranta.

Na farko, tsarin ƙirga. Daga 11 zuwa 19 Hausa tana bayyana goma a fili: goma sha ɗaya, goma sha biyu. Faransanci kuwa daga onze zuwa seize ya ɓoye ta, sa'an nan ya kai yaro ga soixante-dix da quatre-vingt-dix, inda kunne ke jin 60 da 10, ko 4 da 20 da 10, hannu kuwa ana so ya rubuta 70 da 90. Rauni ɗaya na Hausa a nan shi ne sunayen gommai, ashirin, talatin, arba'in, waɗanda aka aro daga Larabci, ba sa nuna goma nawa ke cikinsu. Amma tsohuwar kalmar "gomiya" ba ta mutu ba a Nijar, ana jin ta kullum a "gomiya tara". Malamin da ya ce talatin gomiya uku ce ya buɗe wa yaro ƙofar gurbin lamba ba tare da ya aro komi daga waje ba.

Na biyu, ƙirgan ragi. Bahaushe kan ce "ashirin ba biyu" maimakon 18, ko "arba'in ba ɗaya" maimakon 39. Wannan dabarar lissafin ka ce cikakkiya. Wanda aka ce ya tara 38 da 25, in ya ɗauki 38 a matsayin arba'in ba biyu, sai ya ce sittin da biyar ba biyu, watau 63, bai ɗauki alli ba.

Na uku, ninkin lamba. Biyu-biyu, uku-uku, dala-dala, nawa-nawa: da wannan ƙa'ida ta nahawu Hausa ke faɗin rabon kowa ko farashin kowane ɗaya, wanda shi ne tushen ninkawa. Yaron da ya gane "awaki huɗu, ƙafa huɗu-huɗu" ya riga ya gane 4 sau 4, sai dai bai san alamarsa ba.

Na huɗu, bambancin "raba" da "kasa". In aka raba dabino 12 ga yara 3, an san yawan masu karɓa, ana neman rabon kowa. In aka kasa tumatir 12 uku-uku, an san girman kowane kashi, ana neman yawan kashin. Masana koyar da lissafi sun daɗe da gane cewa waɗannan ma'anoni biyu ne na rabawa, kuma yara ba sa koyonsu lokaci ɗaya. Hausa ta ba kowace fi'ilinta, amma da wuya a ga an ci moriyar wannan a aji.

Na biyar, kalmomin ɓangare da suka shigo ta hanyar makarantar allo da fiƙihu: sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, ushiri. Yaron da ya ga ubansa ya ware dami ɗaya cikin kowane goma domin zakka ya ga ushiri da idonsa. Ilmin hisabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamin nan na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan jera lambobi cikin hatimi.

Binciken waɗansu ƙasashe ya ƙarfafa wannan. A 1967 John Gay da Michael Cole sun nuna cewa manoman Kpelle na Laberiya sun fi Amurkawa masu ilmin boko iya ƙiyasta yawan shinkafar da ke cikin ƙwarya. A 1985 kuma waɗansu masu bincike uku a birnin Recife na Birazil suka gwada yara biyar masu talla. A bakin ciniki sun ci kusan dukan tambayoyin. Da aka ba su lambobin nan dai cikin labari a takarda, sun ci kimanin uku cikin huɗu. Da aka ba su lambobin tsirara, ba labari, abin da suka ci bai kai huɗu cikin goma ba. Yara biyar ba su isa a kafa doka a kansu ba, amma jerin sakamakon abin tunani ne: labari bai ƙara wa lissafi wuya ba, rage masa ya yi.

4. Hanyoyi uku da aka bi

4.1 Tsohuwar hanya

Hanyar da aka gada daga makarantar Faransa tana da tsari sananne. Malami ya rubuta matsala da Faransanci, ya karanta, ya warware misali guda, yara su kwafa, a ja layi a raba shafi, gefe ɗaya jimlar bayani, gefe ɗaya ayyukan lissafi. A lissafin ka kuwa ana bin hanyar La Martinière: malami ya faɗi tambaya, ya buga tebur, yara su rubuta a allon hannu, ya sake bugawa su ɗaga.

Wannan hanya tana da amfaninta. Tana koyar da tsabtar aiki, kuma ɗaga allo na ba malami mai aji cike damar ganin amsar kowa cikin ƙiftawar ido. Aibinta shi ne amsa kaɗai take gani. Yaron da bai ji Faransanci ba ba shi da hanyar shiga matakin farko na Polya, saboda haka sai ya nemi alama. In ya ga reste ya ɗebe, in ya ga en tout ya tara, in bai ga komi ba ya yi aikin da aka koyar a wannan mako. Wannan ciwo ba na ƴan Afirka ba ne kaɗai. A 1980 cibiyar binciken koyar da lissafi ta Grenoble ta ba da sakamakon wani gwaji: an gaya wa yara 97 na CE1 da CE2 cewa jirgin ruwa na ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, aka tambaye su shekarun shugaban jirgin. Yara 76 suka ba da amsa daga lambobin nan. To, in haka ta faru ga yaran da Faransanci ne harshen gidansu, ina ga yaron Garhanga ko na Karofan wanda bai taɓa jin sa ba sai a bakin malami?

Gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma, ya nuna inda wannan ke kai wa. A Nijar, a aji biyu, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a lissafi sun ɗan haura ɗaya cikin huɗu. A ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gwajin 2019 an sami ci gaba mai yawa, aji biyu ya kai kimanin biyu cikin uku, amma ƙarshen firamare bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Waɗannan alkaluma na ƙasa baki ɗaya ne. Abin da suke nunawa dai shi ne lissafi na tafiya muddin ƙirga ne da tarawa, yana kuma tsayawa inda ya koma karatu da tunani.

4.2 Atisayen al'umma

A 2004 aka buɗe shirin "Makaranta domin Kowa" a jihar Tawa da taimakon hukumar JICA ta Japan. Aikinsa na farko shi ne kafa kwamitocin kula da makarantu, COGES, ta hanyar zaɓe, kuma daga Tawa tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi. Daga baya shirin ya ƙaro wani sashe, wanda aka sani da PMAQ: a gwada yara a lissafi, a karanta sakamakon a gaban taron gari, jama'a su tsara lokutan ƙarin karatu bayan tashi daga aji, yara su yi ta aiki a littattafan atisaye da aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, malamai da masu sa kai na gari suna duba su.

Dole a yaba wa wannan tsari a kan abu uku. Ya fitar da sakamako fili, uba ya san ɗansa na aji huɗu bai iya ɗebewa ba. Ya bar kowane yaro ya fara daga inda ya tsaya. Ya kuma ƙara sa'o'in aiki a inda shekarar karatu ke guntulewa, gama ajin zana ba ya ginuwa sai an gama girbi an sami kara. Yaron da bai riƙe 7 da 8 a ka ba, hankalinsa zai ƙare a yatsu, ba zai sami sararin tunanin dabara ba.

Sai dai atisaye, bisa ga halittarsa, yana aiki ne a mataki na uku kaɗai. Haɗarinsa shi ne a ɗauka cewa sai yaro ya ƙware a ayyuka huɗu tukuna za a ba shi matsala. Abin da aka gani a Recife ya nuna akasin haka. Daɗin daɗawa, abin da aka auna a gaban taron gari shi ne abin da gari zai nema. In takardar gwaji ba ta ɗauke da matsala ko guda, ba wanda zai tambayi malami dalilin da ya sa yara ba su iya ta ba.

4.3 Manhajar harshen gida

Nijar na cikin ƙasashen da suka riga sauran gwada koyarwa da harsunan gida. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, shekara uku bayan fara shirin Ile-Ife na koyarwa da Yarabanci a Nijeriya. Dokar tsarin ilmi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa tare da Faransanci a matsayin harsunan koyarwa, dokar 2001 ta lissafa harsunan, sa'an nan a 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja a makarantu 500, wadda ta ginu a kan fara darasi daga wani hali na rayuwar yaro, da harshensa.

A ƙa'ida wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da warware matsala. Amma harshen gida sharaɗi ne kawai, bai isa shi kaɗai ba. Ana iya haddace "saura, a ɗebe, duka, a tara" da Hausa kamar yadda aka haddace da Faransanci. Ana kuma iya buɗe darasi da labarin kasuwa na minti biyar, sa'an nan a rufe labarin a koma ga alli, ya zama labarin ado ne kurum. Batun kuɗi ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa.

5. Batun dala

A Madawa, kamar sauran ƙasar Hausa ta Nijar, ba a ƙirga kuɗi da lambar da ke jikinsu. Ma'aunin shi ne dala, watau tamma biyar. Kuɗin da aka rubuta wa 25 dala biyar ne, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin, mai 500 dala ɗari, takardar 1000 kuwa jika.

A ɗauki wannan misali. An rubuta: kashin albasa 75 F, mai saye ya ba da 100 F, nawa ne canjinsa? Yarinya mai talla ta gane kuɗin da ake nufi. A ranta ta ce dala sha biyar cikin dala ashirin, saura biyar. Ta rubuta 5. Littafin malami ya ce 25. Aka ja mata jan layi. Ta fahimci tambaya, ta tsara dabara, ta aikata daidai, amsarta kuma ita ce kowa zai karɓa a kasuwa. Darasin da ta koya ran nan shi ne hankalinta ba shi da aiki a aji.

Fassara ba ta magance wannan, tana ma iya ƙara dagula shi. In malami ya karanta 100 F ya ce "ɗari", kunnen yaro ya ji dala ɗari, watau 500 F. Marubucin littafi yana da zaɓi uku. Yana iya guje wa kuɗi sam, ya yi asarar fagen da yara suka fi ƙwarewa a kai. Yana iya tilasta "tamma ɗari", wanda daidai ne a lissafi amma ba mai faɗin sa a bakin rumfa. Ko kuwa ya fito da bambancin fili ya mai da shi darasi. Na ukun ne ya fi. A CI da CP a yi cinikin baka da dala, da kuɗi a hannu ko duwatsu a madadinsu, a rubuta "dala 5" da sunanta, yadda lamba ba za ta taɓa tsayawa ba ma'auni ba. A CE1 a kawo tambayar da kanta: me ya sa kuɗin da ake kira dala biyar aka rubuta masa 25? Wannan matsala ce ta gaskiya, kuma amsarta ita ce jadawalin ninkin biyar.

Masu aikin yaƙi da jahilci sun san wannan tuntuni, domin ba dattijon da zai yarda a koya masa lissafin da ya saɓa wa na aljihunsa. Abin da aka yarda da shi ga manya bai kamata a hana yara ba.

6. Ginin jimlar matsala

Gérard Vergnaud ya nuna, a aikinsa na farkon shekarun 1980, cewa matsalolin tarawa da ɗebewa iri-iri ne, kuma wuyarsu ba ta rataya ga girman lamba kaɗai ba, ta fi rataya ga inda abin da ake nema ya faɗo. A duba waɗannan, duka da 3 da 5 da 8:

(a) Rabi na da dabino 5, aka ƙara mata 3. Nawa ke gare ta yanzu?
(b) Rabi na da dabino 5, aka ƙara mata waɗansu, suka zama 8. Nawa aka ƙara mata?
(c) Rabi na da waɗansu dabino, aka ƙara mata 3, suka zama 8. Nawa ke gare ta da farko?
(d) Rabi na da dabino 8. Ta fi Sani da 3. Nawa ke ga Sani?

Fi'ilin "ƙara" ya fito a uku na farko, amma a (a) kaɗai tara lambobin biyu ke ba da amsa. A (d) kalmar "fi" tana jan yaro ga tarawa, alhali ɗebewa ake bukata. Yaron da aka koya wa bin alama zai ci (a) ya faɗi sauran. Littafin da ya cika shafukansa da irin (a) zai ba malami da iyaye farin cikin da ba shi da tushe. Saboda haka ma'auni na farko na kowane littafin lissafi na CP shi ne a ƙirga matsalolinsa a ga kowane iri nawa ne.

Akwai kuma ƙananan abubuwa na rubutu da ke da babban tasiri. "Ta fi ta da uku" ba ta nuna wa ya fi wa. In aka sa namiji da mace, lamirin "ya" da "ta" sun warware rikicin da kansu. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "da" ta haɗi da "da" mai nufin can baya kamarsu ɗaya a takarda; gara a rubuta "da farko". Ga kuma karin harshe. Yaron Adar na cewa "biyat" da "shidda" da "lissahi", yana kuma sa "na" da "ta" inda daidaitacciyar Hausa ke sa "ne" da "ce". Littafi na iya tsayawa kan daidaitaccen rubutu, amma jagoran malami ya ba shi izinin maimaita matsala da karin garin, kada kuma a ƙi bayanin yaro domin lafazinsa.

7. Matsaloli daga ƙasar kanta

Gundumomin nan uku ba su rasa abin da za a gina matsala a kai ba. A kwarin Majiya, a ƙasar Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro domin tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A ce layi taki 20 ne, ana dasa itace a kowane taki 4, tun daga bakin layi har ƙarshensa. Itace nawa? Mai gaggawa zai raba ya ce 5. Wanda ya fita fili ya jera duwatsu zai sami 6, sa'an nan a tambaye shi daga ina na shidan ya fito.

A kwarin Tarka, a ƙasar Madawa, albasa ce dukiya. Buhu 14, amalanke na ɗaukar 4 a sawu ɗaya. Sawu nawa za a yi? Alli zai ce 3, saura 2. Ɗan manomi ya san ba a barin buhu biyu a fadama, sawu 4 ne. A nan matakin waiwaye ke nuna amfaninsa.

A Keita, aikin raya ƙasa da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO ya bar duwatsun da aka jera da ramuka da madatsun ruwa a kan tuddai, kuma yawancin waɗanda suka yi aikin mata ne, kakannin ɗaliban yau. Ramukan tassa layi-layi hoton ninkawa ne a ƙasa: layi 3, rami 5-5. Tiya kuma, wadda ke ɗaukar wajen kilo biyu da rabi na hatsi, tana buɗe ƙofar ƙiyasi: tiya nawa ke cikin wannan ƙwarya? A faɗa tukuna, sa'an nan a auna.

Ya kamata lokaci-lokaci a sa matsalar da ba ta da amsa, irin ta shugaban jirgi, ko mai lambar da ba a bukata, a kuma yaba wa yaron da ya ce ba za a iya sani ba.

8. Abin da za a iya faɗi a kan wannan ra'ayi

Za a ce aji ya cika, lokaci kaɗan ne, malamai da yawa ƴan kwantaragi ne waɗanda horonsu bai yi nisa ba. Gaskiya ne. Amma abin da ake nema bai fi matsala ɗaya ta baka a rana ba, ta minti goma: a faɗe ta sau biyu, yaro ya maimaita ta da bakinsa, a bar su biyu-biyu da tsakuwa ko kara, sa'an nan a ji hanyoyi biyu dabam kafin a rubuta komi. Ba ta bukatar littafi ga kowane yaro. Abin da take bukata shi ne malami ya sami jerin matsaloli da aka tsara, ya kuma saba da tambayar "ta yaya ka samu?"

Za a ce kuma jarrabawa da karatun gaba na bukatar Faransanci. Amsa ita ce yaron da ya san abin da ɗebewa ke nufi kalma ɗaya zai koya, soustraction. Wanda bai sani ba kuwa, kalmar ba za ta koya masa ba.

Ƙorafi na uku ya fi ƙarfi. Ba dukan yaran yankin ba ne Hausa ce harshen gidansu. A ƙasar Keita musamman akwai masu Tamajak, akwai kuma Fulani a gundumomin uku. Dukan abin da aka faɗa a kan yaron Hausa a gaban Faransanci yana iya faɗawa kan yaron Buzu a gaban Hausa. Matsayin da Hausa ta samu a 2025 bai sauya harshen da ɗan shekara shida ke tunani da shi ba. A makarantun da harsuna suka gauraya, dole a bar yaro ya yi bayanin dabararsa da harshen da ya fi ji, ko da wani ɗalibi ne zai yi tafinta.

9. Kammalawa

Kowace hanya cikin ukun nan ta riƙe wani abu: ta farko tsabtar aiki, ta biyu ƙwarewar hannu da idon jama'a, ta uku harshen tunani. Babu wadda ta mai da zaɓen dabara da waiwaye abin koyarwa na kullum. Ga masu bincike da masu tsara littattafai, aiki huɗu ne ke gaba. A naɗi maganar yara masu talla da masu kiwo a kasuwannin Madawa da Buza da Keita, a rubuta dabarunsu na lissafin ka da kalmominsu, kafin a zauna ƙirƙirar sababbin kalmomi. A bi littattafan CI da CP da CE1 da ke hannu, a ƙirga ire-iren matsalolinsu bisa rabon da aka nuna a sashe na 6. A yanke shawara ɗaya a kan dala da tamma, wadda littafin yara da na yaƙi da jahilci za su bi tare. A kuma sa matsalar baka cikin kowane gwaji da za a karanta sakamakonsa a gaban taron gari, domin abin da iyaye suka ji an auna shi ne za su nema a wurin malami.